Zoo Road bayan tafiyar Shoprite: gidaje a sama, shaguna a ƙasa, tasha a bakin ƙofa?

Mai Zane: Salamu alaikum jama'ar zaure. Ina so mu ɗan ajiye siyasa yau mu yi maganar Ado Bayero Mall, babban kantin nan da ke Zoo Road a Kano. An buɗe wurin a 2014, Shoprite ta rufe reshenta na nan a Janairun 2024, kantin Game ma ya riga ta tafiya. Ban ce wurin ya mutu ba, akwai bayin Allah a ciki suna neman halalinsu. Amma irin wannan gini an tsara shi ne a kan mai mota: ya zo, ya yi fakin, ya cika but, ya tafi. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, mutum nawa ne zai ƙona lita uku don ya je sayen sabulu da madara?

Ga abin da nake gani. Filin ajiye motocin nan a rage shi sosai, a yanka layuka su ratsa wurin kamar unguwa, a tada benaye hawa huɗu ko biyar. Ƙasa shaguna, hawa na farko ofisoshi da ɗakin shan magani da makarantar yara, sama gidajen haya. A bakin titi kuma a yi tashar manyan bas ta gaske, mai rumfa da wurin zama da banɗaki. Mutum ya sauko daga gidansa, ya yi cefane, ya hau mota, duk da ƙafa. Wurin yana da masu shi, misali kawai nake bugawa da shi. Me kuka gani?

Alhajin Kwari: Wa alaikumus salam. Injiniya, Allah ya ƙara basira, amma wannan da ka zayyana ai Sabon Gari ce. Je ka France Road ka ɗaga kai: shago a ƙasa, mutane a sama, mota a bakin ƙofa. Mu nan Kwari ma da can haka take, Kwarori kanti a gaba, iyali a baya ko a sama. Abin da kakanninmu suka gani da idonsu shi za a dawo mana da shi a takarda a ce sabo ne?

Mai Zane: Ranka ya daɗe ban ce sabo ba ne. Cewa na yi mun bar shi mun koma gina katanga da fakin.

Maman Hanif: Ni dai tashar ce ta ja hankalina. Ina koyarwa a wajen Bompai, ina zaune a Sheka. Adaidaita biyu nake hawa kafin na isa, wani lokaci uku idan an yi rashin sa'a, ga yara biyu da nake saukewa a hanya. Albashin rabi a titi yake ƙarewa. In da akwai bas ɗaya da na san ƙarfe bakwai za ta tashi daga Zoo Road, wallahi ko ba a gina bene ko ɗaya ba na gode.

Ɗan Sahu: Hajiya ki yi haƙuri, ba mu muka sa kuɗin ba. Mai ya tashi, balas ɗin mai mashin ya tashi, ga kuɗin tikiti kullum. To Injiniya, in an kawo manyan bas ɗin mu kuma ina za a kai mu? Don mun saba, duk lokacin da aka ce za a gyara gari, mu ake fara kora.

Bakano a Virginia: Bari in sa baki tunda kusa da irin wannan wurin nake zaune. Akwai Tysons a nan wajen Washington, da can ba komai sai manyan kantuna da ofisoshi da filayen fakin. Ƙaramar hukumar Fairfax ta fitar da sabon tsarin wurin a 2010, jirgin ƙasa na Silver Line ya iso a 2014 da tashoshi huɗu a yankin. Ba su rushe babban kantin ba. Gefensa suka tada dogayen gidajen kwana da otal da ofis, suka haɗa shi da tasha ta wata farfajiya a sama. A Colorado kuma akwai Belmar, can kam rushe tsohon kantin Villa Italia aka yi gaba ɗaya, aka yanka filin kashi 22 da tituna a tsakani.

Abin da zan gaya muku tsakani da Allah, Tysons har yau ba daɗin tafiya a ƙafa. Titunan faɗi gare su, kafin ka tsallaka ɗaya ka gaji. Kuɗi sun zuba, jirgi ya zo, amma wurin da aka gina don mota ba ya saurin sakin halinsa. Kuma ku lura da jerin: tsari ya fito, jirgi ya tabbata, sannan masu kuɗi suka yi ta gini.

Alhajin Kwari: Yauwa. Su jirgi ya zo. Mu tun zamanin Ganduje ake mana maganar jirgin cikin gari da kamfanin China, har yau ko ƙusa ban gani ba.

Ɗalibar BUK: Baba Alhaji ai ba dole sai jirgi ba. A darasinmu mun karanta Curitiba ta Brazil, tun 1974 suka ware wa bas hanyarta ita kaɗai a tsakiyar titi, suka ce dogayen gine-gine a bakin wannan hanyar kawai za a yi su, in ka yi nisa da ita gini ya riƙa gajarta. Legas ma ta fara irin wannan bas mai hanyarta, wato BRT, a 2008 daga Mile 12 zuwa CMS. Jirgi kuma in an sa shi inda ba mutane, asara ce. Na cikin garin Abuja an buɗe shi a 2018, ya tsaya lokacin korona, sai 2024 ya dawo, kuma babban kukan da ake yi da shi shi ne tashoshin sun yi nesa da inda jama'a suke kwana.

Mai Zane: Allah ya yi miki albarka ƙanwata, kin rage min aiki. Ma'aunin da masu tsara birane suke amfani da shi shi ne mita 400 zuwa 800 daga tasha, wato tafiyar minti biyar zuwa goma. Duk abin da ya wuce nan mutum ba zai taka ba. A Kano ma ni sai in rage, don wanda ya rubuta minti goma bai san ranar watan Afrilu a Dangi ba. Sai an yi baranda mai inuwa a gaban shaguna, an dasa darbejiya a jere, in ba haka ba mita 300 ma mace mai goyo za ta tsayar da adaidaita.

Kuma Zoo Road ta dace ne saboda inda take. Ga gadar Dangi da Zariya Road a gefe, ga filin baje koli a maƙwabta, ga gidan zu, ga asibitin Malam Aminu Kano ba nisa. Duk mai shigowa daga Na'ibawa da Unguwa Uku ta yankin yake bi. Lokacin da aka yi tunanin wurin ana ganinsa kamar gefen gari, yanzu gari ya haɗiye shi.

Baba Malam: Assalamu alaikum. Na karanta duk abin da kuka rubuta, jikana ne yake taya ni bugawa. Tambayata ɗaya ce. Bene hawa biyar, tagoginsa ina za su kalla? Mutanen Gandun Albasa da Hausawa da suke kewaye, matansu suna tsakar gida suna wanki suna girki, sai wani saurayi ya leƙo daga sama yana shan iska? A unguwarmu an yi shekara ana shari'a a gaban mai unguwa saboda taga ɗaya ta bene hawa ɗaya. Gidan Bahaushe zaure ne, sannan soro, sannan tsakar gida, kowanne da dalilinsa. Ku 'yan boko in kun zo zane sai ku manta da wannan.

Mai Zane: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, wannan magana ce babba kuma tana da magani a zane. Dogayen a jera su a bakin babban titi, suna kallon kwalta. Duk wanda ya matso kusa da gidajen mutane ya sauko hawa biyu, na ƙarshe ma hawa ɗaya. Tagar da ke kallon unguwa a ɗaga ta sama da tsayin mutum, iska da haske su shiga, ido kada ya fita. Baranda kuma a rufe ta da bulo mai huda. Hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, tana da ikon ƙin sa hannu a kan zanen da bai cika wannan ba, in ta ga dama.

Baba Malam: In ta ga dama. To madalla. Sannan mai mata biyu ko uku fa, a sama zai jera su? Ragon layya a ina za a ɗaure shi? In an yi rasuwa ta ina za a sauko da makara, a ina za a yi zaman makoki?

Maman Hanif: Baba wallahi ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ƙanwata ta zauna a bene a wata unguwa, ranar suna sai gidan maƙwabta na ƙasa aka roƙa aka ɗora tukwane. Ga shanya, ga daka, ga yara ba wurin wasa sai matattakala.

Mai Zane: Baba, gidajen nan ba na kowa ba ne, kuma ba sai sun zama na kowa ba. Mai iyali ashirin yana nan a gidansa na gado. Amma ku duba ango da amarya da suke neman ɗaki biyu da falo, ma'aikatan jinya masu kwanan asibiti, malaman makaranta, ɗan kasuwar da ke zuwa daga Nijar ko Chadi ya yi wata guda yana sari. Waɗannan yanzu ina suke samun haya? Sai can bayan Panshekara ko Rijiyar Zaki ko Jogana, su kwana a can su wuni a titi. Maganar makara da taro kuwa, matattakala a yi ta da faɗi, kowane rukuni a bar masa tsakar gida ɗaya babba a ƙasa wadda mota ba ta shiga, da masallaci. Nan za a yi suna, nan za a yi makoki, nan rago zai kwana.

Dillalin Tarauni: Ku gama zanenku ku zo ku same ni. Ni da nake yawo da makullai a aljihu na san abin da mai neman haya yake tambaya kafin ya ga ɗaki: akwai ruwa? Wutar layin nan tana zuwa? Hawa na huɗu ba ruwa, wane ɗan ga-ruwa ne zai hau maka da jarka? In ya hau sau ɗaya gobe in ya hango ka sai ya canja layi. Ruwan Tamburawa da Challawa ba ya isar gari, kowa bohol yake haƙawa. Bohol kuma sai wuta, wutar in ta Band A ce, wato layin da aka fi ba wuta, tun Afrilun 2024 ta haura naira 200 kowane yunit. Lifta kam kada ma a fara.

Mai Zane: Shi ya sa na tsaya a hawa huɗu ko biyar, don a iya rayuwa ba lifta. Ruwa kuma a nan tara mutane wuri ɗaya yake da riba: bohol biyu masu zurfi da sola da babban tanki sun fi arha a kan gida ɗari kowa da nasa ramin. Rufin kantin da yake nan shimfiɗe ai filin sola ne da Allah ya ba mu.

Dillalin Tarauni: Wa zai riƙa karɓar kuɗin gyara? Yau famfo ya lalace, na sama ya ce na ƙasa ne ya fi sha, na ƙasa ya ce shi shago gare shi ba ya wanka a nan. Na raba irin wannan faɗan ya fi a ƙirga.

Barista: Ku bar ni in shigo da abin da ba wanda yake son ji. Duk wannan aiki na shekara goma ne zuwa sha biyar, gwamnati kuma shekara huɗu take. A Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, shi yake ba da takardar shaidar mallaka, kuma sashe na 28 ya ba shi ikon soke ta saboda maslahar jama'a. Kun ga abin da ya faru a Yunin 2023: gine-ginen tsohon otal ɗin Daula, shagunan filin Idi, na sansanin alhazai, duk aka sa musu katafila saboda sabuwar gwamnati ta ce filayen jama'a ne aka raba ba bisa ƙa'ida ba. 'Yan kasuwar filin Idi sun je kotun tarayya, ta yanke musu diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3.

Ba ina cewa wane ne mai gaskiya ba, kada 'yan jar hula da 'yan ɗaya ɓangaren su taso min. Abin da nake cewa, mai kuɗin da ya ga wannan, da wace zuciya zai zuba biliyoyi a aikin da rabinsa ya dogara da alƙawarin gwamnati cewa za ta kawo bas? Sai an yi wa aikin doka a majalisar jiha, an buga yarjejeniyar kowa ya gani, an canja manufar filin daga kasuwanci zalla zuwa kasuwanci da zama a rubuce. Abin da aka ƙulla a ɗaki, a ɗaki ake warware shi.

Admin: Jama'a a kiyaye, an goge saƙo biyu. Maganar gini muke, ba maganar jam'iyya ba.

Alhajin Kwari: Barista ka gama magana. Ni abin da ya fi damuna ma wa zai shiga shagunan. Duk filazar da aka gina a garin nan cikin shekarun nan, je ka hawa na biyu ka gani, rabi a kulle, an mai da su sito. Bakano ba ya hawa bene sayen kaya. Ciniki a ƙasa yake, inda ƙafa take wucewa. Kuma kuɗin hayar irin waɗannan wurare sai mai sayar da turare ɗan Dubai. Mai shayi fa? Mai gyaran waya, mai kayan miya, mai ɗinki, mai awara? In babu su ba gari aka gina ba, wani kantin aka sake yi mai gado a sama.

Ku tuna kuma da ambaliyar da ta shiga mana Kwari a daminar 2022, atamfa da shadda na miliyoyi suka jiƙe, saboda an bi hanyar ruwa an dasa shaguna. A shekarar nan dai bene ya rufto a Beirut Road ana cikin gininsa. Duk inda aka ce fili ya yi daraja a Kano, sai an cusa shago har a kan kwalbati. Wannan tsakar gidan da Injiniya yake cewa a bari don suna da makoki, ina ba ku shekara uku, za ku tarar an yanka ta an yi kwantena.

Ɗalibar BUK: Baba Alhaji to ai sai a sa 'yan tebur a cikin zanen tun farko. A ware musu layi guda mai rumfa tsakanin tasha da gidajen, inda duk wanda ya sauka daga mota dole ta nan zai bi. Haya ta wata-wata ko ta kullum, ba ta shekara biyu a dunƙule ba. In ba a ba su wuri ba ma za su zo, sai dai su zauna a kan titi KAROTA ta yi ta kwashe musu kaya.

Alhajin Kwari: 'Yata kin yi tunani. Amma teburin nan ranar rabo, 'yan siyasa za a ba, su kuma su sayar wa mai tebur ɗin ninki uku. Mun gani ba sau ɗaya ba.

Bakano a Virginia: A nan abin da suke yi, ƙaramar hukuma ba ta ba ka izinin ƙara hawa sai ka amince wani kaso na gidajen za a ba masu ƙaramin ƙarfi a farashi mai sauƙi, kuma sharaɗin yana bin ginin ko an sayar da shi. Ana iya yin irinsa da tebura.

Barista: Ana iyawa a takarda. Sai dai can in an karya sharaɗin akwai wanda zai kai ƙara, akwai kuma rajistar da za a buɗe a gani. Nan sai an fara da rajistar: sunan mai tebur, lambar tebur, a manna a bango.

Ɗan Sahu: Har yanzu dai ba a amsa min ba. Lokacin da aka hana acaɓa a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado, mu muka ɗauki garin nan a kanmu. A ƙarshen 2022 aka kawo bas ɗin Kanawa aka ce kada mu bi wasu manyan tituna, ba a yi kwana nawa ba aka janye, don motocin ba su isa ba mutane suka yi cirko-cirko a titi. Yanzu ina bas ɗin suke? Mu dai muna nan. Duk tsarin da ba mu a ciki, a takarda zai tsaya.

Mai Zane: Malam ka yi haƙuri, ban manta da kai ba. Babbar bas ba ta shiga lungu. Ba za ta shiga cikin Sheka ko Tukuntawa ta ɗauko Hajiya a ƙofar gida ba. Aikinta dogon zango: Zariya Road zuwa Bata, Zoo Road zuwa Kabuga. Ku kuma ku kawo mata mutane daga unguwanni, ku kwashe waɗanda ta sauke. Gajeren zango, lodi da yawa, mai kaɗan. A tashar a yi muku layinku na kanku mai inuwa, da ƙofar shiga da ta fita, ba ku tsaya a bakin kwalta ana bin ku da sanda ba.

Ɗan Sahu: Gajeren zango kuɗinsa kaɗan ne Injiniya. Ɗaukar Kabuga ɗaya ta fi min zagayen unguwa uku, ga ramuka suna cin taya. In za a yi haka sai an zauna da ƙungiya an yi lissafin balas, don mai mashin ba ruwansa da tsarinku, da yamma kuɗinsa yake jira.

Maman Hanif: Ni ma ina da sharaɗi. In sauka daga adaidaita in biya, in hau bas in sake biya, in sauka in sake hawa adaidaita in biya, to me aka rage min? Sai dai in kuɗin bas ɗin ya yi ƙasa sosai. Kuma a ware wa mata kujeru. Adaidaita ma ai asalinta zamanin Malam Shekarau don mata aka kawo ta, yanzu ku duba yadda ake cusa mu da maza.

Dillalin Tarauni: Wani abin kuma, ku tambayi kanku me ya sa rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo suka daɗe ba su cika ba. Gidaje masu kyau, tituna shimfiɗe, amma aka yi shekaru da yawansu a rufe. Tsada ɗaya, nisa biyu, ba kasuwa ba mota uku. Can an yi gida ba ciniki, a Zoo Road an yi ciniki ba gida.

Ɗalibar BUK: Shi ya sa ni da za a ji tawa, da Dangwauro aka fara kai wannan tunanin. An mai da 'yan magani can daga Sabon Gari a 2024, fili yana nan da yawa, yaran shago kullum sai sun yi doguwar tafiya. Ga kuma layin dogo na Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi ana aikinsu. Duk inda tashoshinsu suka faɗa, yau gona ce, gobe gari ne. In ba a zana wurin tun yanzu ba, za a wayi gari an yanka shi awon igiya, lungu ko kurkura ba ta shiga.

Dillalin Tarauni: Ƙanwata an riga an yanka, ni na san masu saye.

Mai Zane: Dangwauro tana da nata amfanin, amma can sai ka kai mutanen. Zoo Road mutanen suna nan, titi yana nan, ginin yana nan. Na ji maganar Alhaji da Barista, kuma ita ta sa nake ganin kada a fara da bene. A fara da abin da ba ya buƙatar siminti mai yawa: a yanki gefen filin fakin da ke bakin titi a yi tasha da layin 'yan sahu da rumfar 'yan tebur, a buɗe ƙofofi ta ɓangaren unguwa don mai ƙafa ya shigo ba sai ya zagaya ba. Layin bas ɗaya tak, motoci isassu, lokaci tsayayye. In ƙafa ta yawaita, shagunan ciki za su ji a aljihunsu, masu wurin da kansu za su nemi izinin ɗora gidaje.

Barista: Buɗe ƙofofi kuma sai ka shawo kan masu tsaro. Wurin an buɗe shi ne a lokacin da garin nan yake fama da tashin bama-bamai, katanga da binciken but ba ado ba ne a wancan lokacin. Duk mai shago a ciki zai tambaye ka wa zai tsare masa kaya ranar da gari ya rikice.

Mai Zane: Gaskiya ne. Sai dai wurin da mutum ɗari biyar suke kwana a samansa ya fi wurin da ake kullewa ƙarfe goma a bar wa masu gadi huɗu wuyar fasawa. Unguwa tana da 'yan sintiri, tana da mai unguwa, kowa ya san baƙo.

Baba Malam: Wannan kam haka ne. Amma a sa mai unguwar tun ranar farko, kada a tara mutane ba shugaba. Kuma masallacin kada a kai shi hawa na uku, tsofaffi ba za mu iya ba.

Alhajin Kwari: To Injiniya, ga tawa ta ƙarshe. Ranar da na ga bas ɗin nan ta yi damina biyu tana tashi a kan lokaci, kuma gwamnati ta canja ba a fentin motocin an jibge su a wani gareji ba, ni da kaina zan kama shago biyu a ƙasa in sa yara. Kafin nan kuɗina yana Kwari.

Dillalin Tarauni: Alhaji in lokacin ya yi ta hannuna za ka bi, la'adata kashi biyar ce, ban ƙara maka ba.

Ɗan Sahu: Injiniya tambaya ta ƙarshe. Layin namu da ka ce za a yi a tashar, wa zai riƙe shi? Ƙungiyarmu, ko masu ginin, ko 'yan kamasho za a kawo mana su riƙa yankar wani sabon tikitin? Don in tikiti na biyu ne, gara min bakin kwalta.

Mai Zane: Ƙungiyarku, da yarjejeniya a rubuce da masu wurin, kuma ba sabon tikiti. Barista, irin wannan takardar tana tsayawa a kotu?

Barista: Tana tsayawa in ƙungiyar tana da rajista kuma ba ta rabu ɓangare-ɓangare ba. Malam, ku ƙungiya nawa ne yanzu a Tarauni kaɗai?

Ɗan Sahu: Bari in tambayi shugaban tasharmu da safe, don ni kaina biyu nake biya.